Darasi: Wa Ya Cancanci Gadon Gashin Jiki?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na yau ya shafi gadon asibiti da ake kwantar da majinyaci domin gashin jiki da koyon tafiya. Masu bukatarsa suna da yawa: wanda ɓarin jikinsa ya shanye sakamakon hawan jini, da wanda ya karye a haɗarin mota, da wanda aka yanke wa ƙafa. Gadajen kuwa kaɗan ne, ko a Yamai, balle Maraɗi, Damagaram ko Tawa. To, idan mutum uku suka taru a kan gado ɗaya, wa za a ba?

Ma'auni na farko shi ne tsananin bukata. Wanda zai iya zuwa da safe ya koma gida da yamma ba daidai yake ba da baƙauyen da ba ya iya juyawa a shimfiɗa, ba shi kuma da masauki a birni.

Na biyu, wanda kwanciyar za ta amfana. Gashin jiki aiki ne na kullum, sai majinyacin da zai iya jure motsa gaɓoɓi.

Na uku, lokaci. Mai shanyewar ɓarin jiki, mafi yawan sauƙin da yake samu yana zuwa ne cikin wata 3 zuwa 6 na farko. Idan aka jinkirta shi, gaɓoɓi sukan sandare, kwanciya kuma ta haifar da gyambo.

Idan majinyata biyu suka yi daidai a duk waɗannan, sai a duba wanda ya riga zuwa, ko a jefa ƙuri'a. Manzon Allah (SAW) yakan jefa ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, domin kada a zalunci kowa.

Dukiya, sarauta, dangantaka da likita, babu ɗayansu da yake ma'auni. Suratu Abasa ta sauka ne game da makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, ranar da aka fuskanci manyan Ƙuraishawa aka bar shi.

Saura namu. Kai da kake nema wa ɗan'uwanka alfarma, ka sani sunan wani ake gogewa a rubuta nasa. Wanda likita ya sallama kuma, ya saki gadon ya ci gaba da motsa jiki a gida, domin wani yana jira a bakin ƙofa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu cikin masu adalci. Amin.