Gammon Inna Da Lissafin Matsi

Tun ina ƙaramin yaro nake ɗebo wa Inna ruwa a rijiyar unguwarmu, kuma ba ta taɓa yarda in ɗora tulu a kai ba gammo ba. Ni a zatona gammo rage nauyin kaya yake yi. Sai da na shiga aji huɗu, muka zo kan darasin matsi a fizis, sannan na gane ashe nauyin yana nan yadda yake, ko ƙwayar gero bai ragu ba. Abin da gammo ke canzawa shi ne faɗin wurin da nauyin ya sauka.

Ga ƙa'idar da Malam ya rubuta mana a allo: a raba ƙarfi da faɗin wuri, abin da ya fito shi ne matsi. Ana auna ƙarfi da niyutan, faɗi da murabba'in mita, matsi kuwa da faskal, don tunawa da masanin nan Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662.

To, mu ɗauki tulun Inna cike da ruwa, kilo 20. Kowane kilo yana danna kai da ƙarfin kusan niyutan 10, watau niyutan 200 ke nan. Gindin tulu ba shimfiɗaɗɗe ba ne, tsakar kai ma haka, don haka inda suka haɗu ɗan wuri ne, a ce murabba'in santimita 10. Da gammo kuwa sai ya kai kamar 100.

'Yan'uwana ɗalibai, a nan ramin yake, kuma ni na faɗa cikinsa a jarrabawar zangon da ya wuce. Wajen mai da santimita mita sai na raba da 100, alhali murabba'in mita ɗaya santimita 100 ne sau 100, watau 10,000. Maki goma suka tafi, ga jan biro har gefen takarda.

Daidai shi ne: 10 ya zama 0.001, a raba 200 da shi, a sami faskal 200,000. Da gammo, 100 ya zama 0.01, matsin ya sauko faskal 20,000. Kashi ɗaya cikin goma kacal! Shi ya sa tsakar kai ba ta zafi, amma wuya yana nan da gajiyarsa, don shi dai niyutan 200 ɗin nan yake ɗauke da su.

Da hutu na zauna na yi wa Inna wannan bayani tiryan-tiryan. Ta saurare ni har na gama, ta ce ita ba ta san wani Faskal ba, sannan ta miƙo mini gammo ta ce randa ba ruwa.