Raunin Sabis na Intanet a Cikin Gida

Ƙofar Kware tana ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Sakkwato, kuma ta ɗauki sunanta daga garin Kware da ke arewa da birnin. Gidajen unguwar sun haɗa ginin ƙasa da na bulo, akasarinsu da rufin kwano. Tun daga 2001, lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya, irin wannan gini ya zama abin lura ga mai neman sabis, musamman ɗalibin da wa'adin rajistar jarrabawa ke shirin ƙure masa.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, saƙo yana yin zango biyu kafin ya iso hannun mai waya. Zangon farko daga turken kamfanin sadarwa ne zuwa na'urar raba intanet ta gida, na biyu kuwa daga na'urar zuwa waya ko kwamfuta. Mutane da dama sukan ɗora wa kamfani laifi alhali matsalar tana cikin gidansu. Gwajin ba shi da wuya: a tsaya da waya dab da na'urar. Idan sabis ya kankama a nan amma ya raunana a ƙuryar ɗaki, to zango na biyu ne ke da cikas.

Na'urorin gida suna aiki ne galibi a kan zangon igiya biyu, wato gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na 5 ya fi sauri, amma bango na saurin karya lagonsa. Na 2.4 ya fi ratsa katanga, don haka shi ya fi dacewa da gidan da ke da zaure da tsakar gida da ɗakuna a jere. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye igiyar, kwano da ƙofar ƙarfe suna mayar da ita baya, ruwa ma yana tsotse ta. Saboda haka ajiye na'ura a ƙasa, kusa da randa ko bayan firji, ɓarnar kuɗin data ce kawai. Wurin da ya dace shi ne sama, a tsakiyar gida, inda babu shamaki. Idan kuwa zangon farko ne ke da rauni, sai a matsar da ita bakin tagar da ke fuskantar turke.

Akwai kuma zafi, wanda ba a cika kawo shi a lissafi ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, na'urar da aka rufe a cikin kabad ko aka bari a rana takan yi sanyin aiki, wani lokaci ta mutu ta sake tashi da kanta. Inuwa da iska su ne maganinta. Idan duk an yi waɗannan sabis bai gyaru ba, sai a duba yawan wayoyin da ke haɗe, domin lambar sirri da ta zaga maƙwabta takan raba ƙarfin gida ɗaya ga gidaje biyar.