Siminti Ba Ya Warkar da Katangar Ƙasa

Duk shekara, da zarar damina ta ja baya aka fara ɗaure dammunan gero da dawa, sai tambaya iri guda ta riƙa iso mini daga Dogon Daji da Tambuwal da ƙauyukan Kebbe, lafazinta yana saɓawa amma ma'anarta ɗaya: mai gida ya ƙudura niyyar gyara lambun gidansa, katangar da ta kewaye shi ta tsage ko ta zube a cikin ruwan Agusta, yana son a ƙiyasta masa buhun siminti nawa zai saya ya shafe ta ciki da waje, domin, in ji shi, a huta da yaɓen kowace shekara. In ka tambaye shi abin da ya kayar da ita, sai ya ce ruwan bana ne ya yi yawa, ko kuwa ya nuna maka kututturen dogon yaron da ya riga ya sa aka sare, ya ce saiwarsa ce ta ture ta. Ni kuwa na gaji da wannan magana gajiya mai tsanani, saboda dukiya ce ta talakawa take salwanta a kanta, wani lokaci ma har da rayuka, alhali kuwa mas'alar a bayyane take ga duk wanda ya yarda ya durƙusa ya dubi gindin katangarsa.

Bari in faɗa tun da farko, kada wani ya karanta rabi ya tafi kasuwa: shafa siminti a kan katangar ƙasa ba ya ƙara mata kwana, galibi ma gaggauta ajalinta yake yi. Ba aibata siminti nake yi ba, domin tun da aka fara sarrafa shi a Kalambaina kusa da Sakkwato a 1967 ya amfani ƙasar nan amfani mai yawa, a gadoji da rijiyoyi da daɓe da ginin bulo. Abin da nake inkari shi ne ɗora shi a inda ɗabi'arsa ta saɓa wa ɗabi'ar abin da aka ɗora shi a kai. Ƙasa tana shan laima da damina ta ɗan kumbura, ta sake ta da hunturu ta ɗan tsuke, haka take yi shekara da shekaru ba tare da wata illa ba, matuƙar iska da rana suna samun fuskarta. Siminti kuwa idan ya bushe ya sandare ke nan, ba ya bin ta in ta kumbura, ba ya bin ta in ta tsuke, saboda haka kafin a yi damina biyu ko uku sai ya rabu da ita ta ciki, ya bar wani siririn kogo wanda ido ba ya gani, amma wanda kunne yake ji idan aka ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa aka ji yana amsawa fanko. Daga nan kuma zafin bazara, wanda a yankin nan yakan wuce digiri 40, ya tsattsaga shafen, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa ta inda zai fita.

A nan ne illar take, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya. Katangar da ba a shafe ba, in ruwa ya dake ta da dare, rana tana fitowa ta fara bushewa. Wadda aka shafe kuwa, ruwan da ya shiga ta sama da laimar da take tsotsa daga ƙasa duk suna taruwa a cikinta kamar gumin mutumin da aka sa wa rigar leda da bazara, har tubalin ya jiƙe ya koma taɓo, alhali fuskarta ta waje tana nan sumul, mai gida yana wucewa yana jin daɗin aikinsa. Gara kuma, wadda da ma duhu da laima take nema, ta sami hanya a ɓoye tun daga tushe har rawani, babu mai ganin ginin da take yi balle ya kankare shi. Katangar ƙasa tsirara tana yi wa mai ita gargaɗi kafin ta faɗi, domin zai ga gindinta yana zaizayewa, ya ga inda ta yi kumburi, ya kira magini. Wadda aka lulluɓe da siminti ba ta gargaɗi, sai dai wani dare na Agusta a ji rugugi, kuma kowa ya san su wa suke kwana a gindin katanga da damina: awaki a turke, da kaji, da yaran da aka shimfiɗa wa tabarma a rumfa. Wannan shi ya sa ba na sassauta lafazi a kan wannan al'amari.

Ana ce mini, to ai wane ya shafe tasa shekara biyar ke nan ba ta motsa ba. Na ji, amma a je a duba za a tarar gidansa yana kan tudu, ko kuwa babu lambu a gindinta, ko kuwa lokacinta ne bai yi ba. Shekara biyar ba hujja ba ce a sha'anin gini. Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda gininsa na yanzu yake tsaye tun 1907, da ƙasa aka gina shi, da ƙasa kuma mutanen garin suke taruwa suna yaɓe shi kowace shekara, kuma da a ce yaɓe wahalar banza ce da sun fi kowa sanin haka. Kakanninmu ma ba su rasa dabarar kare bango daga ruwa ba. Suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa a jiƙa a kwaɓa ƙasa da ruwanta, suna da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, kuma dukansu suna tare ruwan sama ba tare da sun hana bango sakin laimarsa ba. Marina sun yi ƙaranci, laso ya yi wuya, na sani, amma ɗorawa ba ta ƙare a kudancin Sakkwato ba. Abin da ya ƙare shi ne girmama gwanin magini, tun da aka wayi gari duk yaron da ya riƙe cokalin birkila wata uku ana kiransa injiniya, tsohon da ya gaji sana'ar tun kaka da kakanni kuwa yana zaune a zaure babu mai neman shawararsa.

Sababin faɗuwar katanga ba shi da yawa, ba sai na tsawaita ba: ruwa ne a gindinta da ruwa a kanta. Ruwan shekara a wannan yanki yana kaiwa wajen milimita 700 zuwa 800, kusan dukansa a tsakanin Yuni da Satumba. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, lita 5,000 zai zubar a tsakar gida, wato durom 25. In rariya ta toshe da leda, ko indararo yana zuba a kan katanga, ina ake tsammani wannan ruwa zai tafi? Sa'an nan ga lambun kansa, wanda shi ne ba a son a ambata. Mutum ya ja fangalin alayyafo da yakuwa da tumatir har jikin bango don kada ya yi asarar taƙi guda, ya riƙa ban ruwa safe da yamma tun daga hunturu har bazara, wato watannin da ya kamata tushen katangar ya bushe ya huta. Katangar da ta sha ruwan rijiya wata shida, ta zo ta sha na sama wata huɗu, ba ta da laifi in ta kwanta.

Dogon yaro kuwa an zalunce shi. Gaskiya ne itacen da aka dasa dab da bango saiwarsa tana iya ɗaga tushe marar zurfi, kuma wanda zai yi sabon dashe ya ba dogon yaro ko mangwaro tazarar mita 5 ko fiye, gwaiba da lemun tsami mita 3, zogale da gwanda kuwa ba su da wata barazana. Amma itacen da ya shekara ashirin yana ba gida inuwa, a ƙasar da iskar hunturu take kwasar ƙasar gona, ba a yanke masa hukunci da zato. A haƙa rami tsakaninsa da katangar, in an ga saiwa ta nufi tushe a datse ta ita kaɗai, a bar itacen.

To, ga tertibin da nake ba wanda yake son gyara. Ya fara da ruwa kafin ya taɓa bango: ya gyara gangaren tsakar gida ya zamana daga katanga yake gangarowa, ya buɗe rariya ya faɗaɗa ta ya shimfiɗa mata dutse ko ya yi mata daɓen siminti, domin nan ne muhallin siminti na gaskiya, ya kuma tsawaita indararo har ruwansa ya wuce bango. Sa'an nan ya janye fangali daga katanga aƙalla mita guda, ya cike wannan tazara da marmara ko tsakuwa a daddaɓe ta ɗan fi lambun tudu, ya yi wa bakin fangalin iyaka da jerin duwatsu ko jan bulo da aka binne rabinsa, don ruwan ban ruwa ya tsaya inda aka zuba shi. Masu sha'awar shimfiɗa ciyawa irin ta gidajen ma'aikata, wato kirikiri, su ma wannan iyaka ta wajaba a kansu, har ma su zurfafa ta kamar taƙi guda, saboda kirikiri tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga duk inda aka bar mata kafa, ko da yake a ra'ayina ruwan da za a ɓata a kanta a Dogon Daji da a zuba wa zogale da lalle ya fi maslaha. Bayan wannan sai a ɓamɓare tsohon shafen siminti duka, a bar bangon ya sha iskar hunturu makonni, a kankare ginin gara a bi shi har gidanta, a cike gindin da ya zaizaye da jar ƙasa wadda aka kwaɓa da ciyawa aka bar ta ta kwana ta ruɓa, a yi shi hawa-hawa, kowane hawa ya bushe kafin a ɗora wani. A ƙarshe a gyara rawani a yi shi da gangare, a yaɓe da makuba kafin ruwan farko.

Wanda ya ce shi dai ya gaji da ƙasa, bulo yake so, ba na hana shi, da sharaɗin ya rushe tsohuwar ya fara daga tushe. Ya haƙa harsashi kamar ƙafa biyu har ya taɓa ƙasa mai tauri, ya sa ginshiƙi mai rodi duk bayan mita 3, ya bar ƙofofin ruwa a sahun ƙasa. Ya kuma binciki bulon da kansa, domin ha'incin da ake yi a wannan sana'a ya kai inda shiru a kansa ya zama tarayya cikin laifi: ana tsawaita buhu guda da yashi har sai bulo ya zama abin da ake murtsukewa da babban yatsa, a ɗora shi a mota tun bai cika kwana bakwai yana shan ruwa ba. Katangar irin wannan bulo ba ta kai ta tubali ƙarfi ba, ta fi ta tsada kawai.

Ga lambun bayan gida ko na bakin fadama, wanda manufarsa tare awaki ce, ba sitirta iyali ba, ban ga dalilin gini ba sam. Dangar kara da zana suna da araha amma gara tana cinye su a shekara, saboda haka a mara musu da shinge mai rai. Aguwa, wadda ƙasar Sakkwato ta daɗe da sani a bakin gonaki da burtali, reshe ake yankewa a kafa da rani kafin ruwa ya sauka, ta kama da kanta, sai dai a kiyaye ido daga farin ruwanta. Lalle yana yin shinge mai kyau in ana aske shi, ga kuma amfanin ganyensa ga matan gida. Bini-da-zugu yana kamawa da sauri, amma 'ya'yansa guba ne, kuma yara suna ɗaukarsu gyaɗa, don haka ba na yarda da shi a gidan da akwai ƙanana.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, wanda masu gyara suke mantawa da shi da zarar sun ga yashi ya sauka a ƙofar gida. Fuƙaha'un Malikiyya sun yi bayani mai faɗi a kan bangon da ke tsakanin gida biyu, da magudanar ruwa, da reshen da ya ƙetara, duk a kan ƙa'idar hana cuta da cutarwa. Ibnur Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na 14, ya keɓe littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya yi magana a kan mallakar ƙasa da harimi a cikin Ta'alimur Radi. Abin takaici ne a ce duk da haka mutum ya ɗaga tsakar gidansa da marmara ya juya rariyarsa ta zuba a gindin katangar maƙwabci, ko ya ci taƙi biyu na lungu da sabon gini har ruwan unguwa ya rasa mafita, in an yi magana ya ce ai a cikin haƙƙinsa yake. Hukumomi ma suna da nasu kaso, domin ana yin titi a ɗaga shi sama da gidaje ba tare da kwalbati isasshe ba, ana kuma barin magudanai su cika da shara har sai ruwa ya shiga ɗakuna a zo raba tabarmi. Kafin a sa diga, a kira maƙwabci da mai unguwa su tsaya a kan iyaka, a yi ittifaƙi a kan inda ruwa zai bi.

Lokacin aikin kuwa daga Nuwamba ne zuwa Afrilu, kada a bari sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wanda kuma ya duba katangarsa yau ya ga tsagar da yatsa yake shiga, ko ya rataya igiya da dutse daga rawani ya ga bangon ya karkata, wannan ta wuce yaɓe, ta wuce shafe: ya kwance turken dabbobi, ya ɗauke shimfiɗar yara daga gindinta tun daren yau, ya sa a sauke ta da hannu daga sama, hawa-hawa, tun ƙasarta tana da amfanin da za a sake kwaɓawa.