Darasi na 14: Abinci, Barci da Natsuwar Ɗalibi

Ɗalibi, nan gaba kaɗan za ka shiga jami'a. A can babu mai dafa maka abinci, babu mai ce maka lokacin kwanciya ya yi. Ɗalibai da yawa sukan wuni a kan taliya da lemon kwalba, su raba dare suna karatu da taimakon kofi ko goro.

Ka sani, ƙwaƙwalwa tana amfani da kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake samu daga abinci. Idan ba ka karya kumallo ba, da wuya ka natsu a aji. Sinadarin da ke cikin kofi da goro kuwa yakan daɗe a jini, ya hana barci. Baligi yana bukatar barcin sa'o'i 7 zuwa 9. Wanda bai samu ba yakan yi saurin fushi, damuwa ta yi masa yawa, ya manta abin da ya karanta.

Saboda haka, ka riƙa cin wake da ƙwai da kifi da zogale, ka kuma ci abincin dare da wuri. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tambayoyi
1. Barcin sa'o'i nawa baligi yake bukata?
2. Mene ne illar cin goro da dare?
3. Bayyana ma'anar karin maganar da ta rufe darasin.