Alamomin Lissafi da Ƙa'idojin Rubutu a Harshen Kwamfuta

Garin Mubi da ke Jihar Adamawa ya shahara da abu biyu, watau kasuwar shanu wadda fatake ke kawo wa dabbobi daga Kamaru da Cadi, da kuma makarantu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1979, ta koma Mubi daga Yola a 1982, sa'an nan aka kafa Jami'ar Jihar Adamawa a garin a 2002. Wannan darasi zai ɗauki misalansa daga kasuwar, domin ɗalibi da ɗan kasuwa su ga yadda ake ba kwamfuta umurni.

Harshen da za a duba shi ne Python, wanda Guido van Rossum, mutumin Holand, ya fitar a 1991. Kyauta ake samunsa, yana kuma da sauƙi ga mai koyo. Amma wajibi ne mai karatu ya riƙe abu guda: kwamfuta ba ta san nufin mutum ba, abin da ya rubuta kaɗai take bi.

Alamomin lissafi

Alamar + ta tarawa ce, alamar - kuwa ta ɗebewa. Da tauraro, watau *, ake ninkawa, da / kuma ake rabawa. Akwai wasu biyu masu amfani ga mai lodin dabbobi. Alal misali, a ce falke yana da shanu 65, kowace mota kuwa tana cin 30. In ya rubuta 65 // 30, kwamfuta za ta ba shi 2, watau motocin da za su cika. In ya rubuta 65 % 30, za ta ba shi 5, watau shanun da za su rage a kara. A lura, a nan % ba ta nufin kashi cikin ɗari.

Wace alama ke kan gaba

Kwamfuta takan fara da abin da ke cikin baka biyu, sa'an nan ninkawa da rabawa, daga bisani tarawa da ɗebewa. A ce kuɗin kowane sa naira 600000 ne, kuɗin motarsa zuwa Kudu naira 40000, shanun kuwa 10 ne. Lissafin daidai shi ne (600000 + 40000) * 10, wanda ke ba da 6400000. To, in aka manta da baka biyu, kwamfuta za ta ninka kuɗin mota kaɗai, ta ba da 1000000. Ba za ta yi gargaɗi ba, gama ba a karya mata ƙa'ida ba. Falken da ya dogara da wannan amsa zai tafi kasuwa da giɓin naira miliyan 5 da dubu 400.

Ajiya da gwaji

Ana ba lamba suna domin a neme ta daga baya, kamar yadda ake sa wa buhu shaida. Wanda ya rubuta shanu = 10 ya ajiye 10 ke nan a ƙarƙashin sunan shanu. Wanda ya rubuta shanu == 10 kuwa tambaya ya yi, ko shanun 10 ne, amsar kuma ita ce True, watau gaskiya, ko False, watau ƙarya. Masu koyo da dama sukan rikita waɗannan biyu. Sauran alamomin gwaji su ne > mai nufin ya fi, da < mai nufin bai kai ba, da != mai nufin ba daidai ba.

Ƙa'idojin rubutu

Kowane harshe yana da nahawunsa. Ga misali:

riba = 7000000 - 6400000
if riba > 0:
    print("An ci riba")
else:
    print("Ba a ci riba ba")

Kalmar if tana nufin idan, else tana nufin in ba haka ba, print kuwa umurni ne na nuna abu a kan allo. Dole ne layin sharaɗi ya ƙare da ruwa biyu, layin da ke ƙarƙashinsa kuma ya matsa ciki, bisa al'ada da gurbi 4. Maganar da ake so a nuna tana shiga tsakanin alamomin zance. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne, saboda haka Riba dabam take da riba. Ba a barin fili a cikin suna, sai a rubuta kuɗin_mota, harshen kuwa yana karɓar baƙaƙe masu lanƙwasa irin su ɗ da ƙ. Haka nan ba a sa waƙafi a tsakiyar lamba.

Shawara ga mai koyo

Kuskuren nahawu yana da sauƙi, domin kwamfuta takan tsaya ta nuna layin da ya ɓaci. Kuskuren lissafi shi ne mai haɗari, don a ɓoye yake wucewa. Saboda haka ya kamata kowane mai koyo ya fara gwada shirinsa da ƙananan lambobi waɗanda ya san amsarsu da ka, kafin ya danƙa masa lissafin dukiyar jama'a. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.