Darasin Kimiyya: Yadda Ake Auna Motar Lantarki da Ma'aunin Motar Fetur

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya mayar da litar fetur zuwa yunit na wutar lantarki, ya gane inda makamashi ke zurarewa a mota da tashar wuta, ya kuma iya bayanin dalilin da ya sa mota guda take da maki uku mabambanta a takardun gwamnatin Amurka.

Tushen matsalar

A shekarar 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana Amurka mai, farashi ya tashi, layuka suka cika gidajen mai. Bayan shekara biyu, a 1975, majalisar ƙasar ta kafa dokar da aka sani da CAFE. Dokar ta ce duk kamfanin da ke sayar da motoci, za a haɗa motocin da ya sayar a shekara a fitar da matsakaicin tafiyar da suke yi da galan ɗaya na fetur. Aka sa wa ƙananan motoci mil 27.5 a galan zuwa 1985, aka kuma tanadi tara ga wanda ya gaza. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, mil kuma kilomita 1.609, wato kusan kilomita 11.7 ke nan a lita.

Da motar lantarki ta shigo kasuwa sai ma'aunin ya cije, domin ba ta da tanki, ba ta shan ko ɗigon fetur. Kamar a ce ka kwatanta gero da manja ne, ɗaya da mudu ake awonsa, ɗaya da kwalba. Dole a nemo ma'aunin da ya haɗa su, kuma a nan makamashi ne.

Mataki na ɗaya: makamashin da ke cikin fetur

Wanda ke da mitar kati a gida ya san yunit. Yunit ɗaya shi ne kilowat-awa ɗaya, wato wutar da dutsen guga mai wat 1,000 zai ci idan ya yi awa guda a kunne. Idan aka ƙone galan ɗaya na fetur ƙurmus aka auna zafin da ya fitar, ana samun kwatankwacin yunit 33.7. Lita ɗaya ke nan tana ɗauke da yunit 8.9.

Da wannan adadi hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta gina ma'aunin MPGe: nisan da mota ke ci da yunit 33.7 na wuta. A watan Nuwamba na 2010 ta ba Nissan Leaf maki 99, domin tana cin yunit 34 a mil 100. Awon yana farawa ne daga soket ɗin bango, saboda haka wutar da ke ɓacewa lokacin caji tana cikin lissafin.

Mu ɗauki motar misali mai cin yunit 30 a mil 100, wato yunit 0.3 a kowane mil. Raba 33.7 da 0.3, amsa 112. Makinta na farko ke nan: mil 112 a galan, kusan kilomita 48 a lita. Motar fetur mai girmanta tana iya yin mil 30 a galan, kusan kilomita 13 a lita.

Mataki na biyu: ina sauran makamashin ke tafiya?

Ka tsaya kusa da motar haya da ta iso tasha daga doguwar tafiya. Bonet ba ya taɓuwa, fanka na kaɗawa a gaban lagireto, salansa kuwa in ta taɓa ƙafa sai ta bar tabo. Duk wannan zafi fetur ne da direba ya saya da kuɗinsa, bai kuma juya taya ba. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 12 zuwa 30 cikin 100 ne kawai na makamashin fetur ke kaiwa ga tayoyi. A motar lantarki kuwa fiye da kashi 77 na wutar da aka ja daga layi ke kaiwa. Ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne, idan direbanta ya taka birki, injin yana komawa janareta ya mayar da wani kaso na gudun cikin batir.

Wannan asara ba laifin makaniki ba ce. Tun 1824 Bafaranshen nan Sadi Carnot ya nuna cewa duk injin da ke juya zafi zuwa motsi sai ya zubar da wani kaso na zafin, komai ƙwarewar maƙerinsa. Ku riƙe wannan doka da kyau, domin tashar wuta mai ƙona kwal ko iskar gas ita ma injin zafi ce. Idan daga irin wannan tasha wutar ta fito, asarar tana nan, sai dai ta tashi daga ƙarƙashin bonet ta koma can tashar, inda direba ba ya ganinta.

Mataki na uku: awo daga tushe

A shekarar 2000 Ma'aikatar Makamashi ta fitar da lissafin da ya bi sawun wutar har gida. Ga adadin da ta yi aiki da su. A lokacin, tashoshin Amurka masu ƙona kwal da gas da mai suna mayar da 0.328 na zafi zuwa wuta. Daga wutar, 0.924 ke isa ga mai amfani, saura ta lalace a wayoyi da taransifoma. Shi ma fetur ba a ƙyale shi ba, domin tacewa da dako suna cin nasu, 0.830 ne ke isa famfon gidan mai.

Lissafin shi ne: 33.705 sau 0.328 sau 0.924, a raba da 0.830. Amsa 12.307. Ma'ana, ɗanyen makamashin da ake kashewa a kai galan ɗaya gidan mai, da a tashar wuta aka ƙona shi, yunit 12.3 zai kawo soket. Raba 12.3 da 0.3, motarmu ta samu maki na biyu: mil 41 a galan, kusan kilomita 17 a lita. Har yanzu ta fi motar fetur, amma ratar ta ragu ƙwarai. Da za a sa wutar ruwa, ta rana ko ta iska cikin lissafin, wannan maki zai riƙa hawa duk lokacin da ƙasa ta ƙara su, ba tare da an taɓa motar ba.

Mataki na huɗu: inda doka ta sa hannu

Ma'aikatar ba ta tsaya a 12.307 ba. Ta raba shi da 0.15, ya zama 82.049. Wannan 0.15 an aro shi ne daga dokar 1988 da ta so a ƙarfafa motoci masu amfani da man da ba fetur zalla ba. Irin wannan mai, kamar E85, kashi 85 giyar inji ce ta masara, kashi 15 fetur, sai doka ta ce kashi 15 ɗin kawai za a lissafa. Aka yi wa lantarki irin wannan rangwame. Raba 82.049 da 0.3, ga maki na uku: mil 273 a galan. Babu wani gwaji da ya samar da 0.15, shawara ce ta masu mulki.

Ga tasirinsa. Kamfani ya sayar da mota goma, tara na fetur masu mil 30 a galan, ɗaya ta lantarki. Doka ba ta tara makin a raba da goma, man da aka sha take tarawa. A ce kowace mota ta yi mil 300, jimla mil 3,000. Na fetur sun sha galan 90. Da maki 41, ta lantarki ta sha galan 7.3 a takarda, matsakaici ya zama 30.8. Da maki 273, galan 1.1 ta sha, matsakaici ya zama 32.9. Kamfanin ya samu ƙarin mil biyu bai gyara injin ko ɗaya ba. Idan abin da doka ta nema 32 ne, lamba guda ce ta raba shi da biyan tara.

Saboda haka ne ƙungiyoyin muhalli biyu, NRDC da Sierra Club, suka nemi a sake lissafin a 2021. Hujjarsu ita ce 'yan motocin lantarki kaɗan suna rufa wa manyan motoci masu zuƙar mai asiri. A 2024 ma'aikatar ta fitar da ƙa'idar janye rangwamen sannu a hankali tare da sabunta sauran alƙaluman lissafin, har adadin ya sauko daga 82.049 zuwa 28.996 ga motocin 2030, wasu jihohi kuma suka kai maganar kotu.

Abin da za a riƙe

Maki na farko yana gaya wa mai saye yadda motar ke tattalin wutar da ya biya. Na biyu yana gaya wa ƙasa yawan makamashin da ta kashe. Na uku yana nuna abin da gwamnati ke son ƙarfafawa. Gwamnati tana da damar tallafa wa motar lantarki, akwai kuma dalilai masu ƙarfi na yin haka, kamar tsabtar iskar birane da rage dogaro da mai. Abin da ya kamata shi ne ta rubuta tallafin da sunansa, ta bar ma'auni ya faɗi abin da ya auna. Idan aka cusa tallafi cikin ma'auni, jama'a ba za su san ko an rage shan mai da gaske ba.

Darasin ya shafe mu, domin tun cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayu na 2023 maganar motoci da kekunan lantarki ta ƙaru. Wutar da ta fito daga Kainji ko Shiroro, ko daga faifan sola, lissafinta daban da wadda janaretan fetur ya bayar a bayan shago. Kafin ka yarda da kowane adadi, tambayi daga ina aka fara awon da kuma wa aka yi wa shi.

Aikin gida

1. Wata mota tana cin yunit 18 a kilomita 100. Yi amfani da yunit 8.9 a lita ka fitar da kilomita nawa take yi da kwatankwacin lita ɗaya.
2. Sake lissafin kamfanin nan mai mota goma da adadin 28.996.
3. A ce wani janareta yana ba da yunit 2 daga kowace litar fetur. Idan da shi aka yi cajin motar tambaya ta 1, kilomita nawa ta yi da litar? Kwatanta da motar fetur mai kilomita 13 a lita, ka faɗi dalilin bambancin da dokar Carnot.