Ƙwaƙwalwa da Laka: Ginin da Ake Somawa Tun Cikin Ciki

Uwargida, duk abin da ɗanki yake yi, daga tsotson nono har takun farko, umarni ne daga ƙwaƙwalwa. Ita ce sarauniyar jiki, laka kuwa ita ce babbar hanyar manzanninta. Laka tana kwance cikin ƙashin gadon baya, jijiyoyi 31 suna fita ta dama, 31 ta hagu, suna kai saƙo ga gaɓoɓi, suna komowa da labari. Gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, shi ke tafiyar da numfashi da bugun zuciya da haɗiya, ko yaro na barci. Idan hannu ya taɓa tukunya mai zafi, laka ce ke fizge shi tun kafin a ji ciwon.

Tushen ƙwaƙwalwa da laka yakan rufe cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mace ba ta ma tabbatar ta samu ba. Idan jikinta ya rasa sinadarin asid folik, ana iya haifar jariri da ɓarakar gadon baya, ƙafafunsa su shanye. Ƙarancin iyode yana kawo maƙoƙo ga uwa, ya dakushe basirar ɗa. Abin da tamowa ta rage wa ƙwaƙwalwa cikin kwana 1000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2, da wuya a cike shi daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka:

• Ki riƙa cin zogale, rama, wake, gujiya, ƙwai da kifi tun kafin ciki.
• Ki je awon ciki da wuri, ki sha ƙwayar ƙarin jini kullum, domin akwai asid folik cikinta.
• Ki yi girki da gishiri mai iyode, ki adana shi a rufe, nesa da wuta da laima.
• Nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi. Sannan kunun gero mai haɗi, nono kuma ya ci gaba har shekara 2.

Ku masu faɗakarwa, ku kai wannan darasi ga amare ma. In kun ga yaro da zazzaɓi, wuyansa ya sandare, maɗiga ta kumbura, ko yana taune-taune, a kai shi likita nan take.